Alli da Alƙalami: Jagora ga Malamin Ƙasar Daura Mai Son Haɗa Rubutu da Koyarwa a Karatun Gaba da Digiri

Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aƙalla uku malaman aji ne suka rubuta su. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne a Kwalejin Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa daga Bauci, inda yake koyarwa, ya aiko da Shaihu Umar. Bayansu Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Malam Aminu Kano duk sun riƙe alli da alƙalami a lokaci guda. Tun kafin zuwan boko ma, Nana Asma'u 'yar Shehu waƙa take tsarawa ta damƙa wa jagororin 'Yan Taru su kai wa mata a ƙauyuka, waƙar ita ce darasin. Haɗa ƙagaggen rubutu da koyarwa gado ne a wurinmu. Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da shi fannin karatu mai takardar shaida.

A Amurka, Jami'ar Ayowa ta kafa zaurenta na horar da marubuta tun 1936. A Ingila, Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka buɗe digiri na biyu kan ƙagaggen rubutu a Jami'ar East Anglia a 1970, kuma Kazuo Ishiguro, wanda ya ci kyautar Nobel a 2017, can ya yi karatu. Kwalejin Goldsmiths ta Jami'ar Landan ta ƙara taku ɗaya: tana da digiri na biyu da ya haɗa ƙagaggen rubutu da ilimin koyarwa wuri guda, ɗalibi ya riƙa rubuta nasa yana kuma nazarin yadda zai koya wa wasu. A jami'o'in da ke kewaye da mu, tsarin da aka saba shi ne adabi yana wani sashe, ilimin koyarwa yana wata tsangaya, kowa da malamansa da ƙa'idar kundinsa. Malamin da ke Daura ko Mai'aduwa ko Zango ko Baure ko Sandamu, mai labarai cike da littafin rubutu a ƙarƙashin matashi, shi zai haɗa biyun da hannunsa. Ana iyawa, muddin an tsara tun kafin a sayi fom.

Ƙofar da za ka shiga

Fara da duba takardar da ke hannunka. In NCE gare ka, kamar yawancin malaman firamare da waɗanda suka fito daga Kwalejin Yusufu Bala Usman ta nan Daura, sai ka fara yin digiri na farko tukuna. Ka nemi wanda ya haɗa Hausa ko Ingilishi ko Larabci da ilimin koyarwa, domin shi zai buɗe maka ƙofa biyu daga baya. In kana da digiri a harshe ko adabi amma babu horon malanta, babbar difloma ta koyarwa, wato PGDE, ita ce farko. Jami'o'i suna yin ta, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ma tana yin ta a cibiyoyinta na jihohi ba tare da mutum ya bar aikinsa ba. Da ita za ka yi rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa don rajistar malamai, kuma da ita tsangayar ilimi za ta karɓe ka digiri na biyu. Wanda ya riga ya yi digirin koyarwa, shi kam hanya a buɗe take.

Daga nan zaɓi biyu ne: digiri na biyu a adabin Hausa ko na Ingilishi, ko kuwa digiri na biyu a tsangayar ilimi, ɓangaren koyar da harshe ko tsara manhaja. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina ita ce mafi kusa, tafiyar kimanin kilomita 80. Jami'ar Bayero tana Kano ta hanyar Kazaure, ga sashen harsunan Nijeriya mai tsohon tarihi, ga cibiyar binciken harsuna. Sai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A ganina, wanda rubutunsa ya riga ya yi ƙwari, ya saba da feɗe labari da waƙa, ya tafi tsangayar ilimi, don abin da ya rage masa shi ne sanin yadda yaro ke koyo da yadda ake auna ci gabansa. Wanda kuwa ya shekara goma a aji, ya san yara ciki da bai, amma karatunsa na adabi bai wuce littattafan jarrabawa ba, sashen adabi ya fi masa amfani. Mutum ya je inda yake da rauni. Kowacce ka shiga, ka roƙi izinin zama a darasi ɗaya ko biyu na ɗaya ɓangaren, ko da ba za a ba ka maki ba.

Takardun da ake nema sanannu ne: sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Ingilishi, digiri mai daraja ta biyu ko da ta ƙasa ce, shaidar bautar ƙasa ko ta ɗauke ta, wasiƙun malaman da suka san ka, da cikakken sakamakon digiri wanda tsohuwar makarantarka za ta aika. Wannan na ƙarshen shi ke cin lokaci, ka neme shi watanni kafin a buɗe sayar da fom. Ka kuma tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda. Batun hutun ƙaro ilimi, malamin firamare ta hannun hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai bi zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, na sakandare ta hannun firinsifal da ofishin shiyya zuwa ma'aikatar ilimi. Kada ka tafi da izinin baki, ka riƙe takarda. Malaman manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin TETFund ta makarantunsu. Shawarata dai, ko ka sami hutun, kada ka rabu da aji gaba ɗaya. Ka riƙe aji guda, ko na sa-kai ne a Islamiyyar unguwa, domin ajin nan shi ne wurin bincikenka.

Kundin da zai ɗauki biyun

A nan mafi yawan masu wannan buri suke sarewa. Mutum ya shiga da niyyar rubutu, ya fito da kundi kan jigo da salon wani marubuci, ko kan ra'ayin malamai ɗari biyu da aka raba wa takardar tambayoyi, shi kuwa shekara uku bai rubuta ko gajeren labari ɗaya ba. Maganin wannan yana wurin zaɓen batu da zaɓen mai duba aiki. Kafin a raba ɗalibai, ka shiga ɗakin karatu na sashen ka duba kundayen shekarun baya, ka ga wane malami ne ya taɓa duba aikin da aka yi a cikin aji, wane ne kuma shi kansa yake rubuta waƙa ko labari ko wasa. Ka je masa da takarda shafi biyu mai bayanin abin da kake so, cikin ladabi, ka saurari gyaransa.

Tsarin da ya fi shiga kowane sashe mai ƙafa uku ne. Ta farko, rubutunka na kanka: gajerun labarai shida zuwa takwas, ko wasan kwaikwayo, ko waƙoƙi, waɗanda ka tsara musamman don wani aji, misali aji biyu na ƙaramar sakandare. Ta biyu, gwaji a aji na zango guda, inda za ka yi amfani da rubutun nan wajen sa yara su rubuta nasu. Ta uku, nazarin abin da ya faru. A tsangayar ilimi labaranka za su shiga a matsayin kayan aikin bincike, a sa su a rataye. A sashen adabi kuwa nauyin zai koma kan feɗe abin da yaran suka rubuta, zubi da tsarinsa, jigoginsa, yadda tatsuniya da finafinan Kannywood da labaran waya suka yi naso a ciki. Ko ta ina aka bi, ka fito da littafi a hannu da kuma hujjar cewa ya yi aiki.

Hujjar tana bukatar tsari. A makon farko, kafin ka koyar da komai, ka sa kowane yaro ya rubuta labari shafi ɗaya, ka adana. A makon ƙarshe su sake rubuta wani a kan batu mai kama da shi, cikin lokaci daidai da na farko. Ka cire sunaye ka sa lambobi, ka gauraya takardun, ka ba malamai biyu su duba kowa shi kaɗai, ba tare da sun san wanne ne na farko wanne ne na ƙarshe ba. Ma'aunin ya zama a rubuce: jigo, tsarin labari, zaɓen kalma, ƙa'idojin rubutu, kowanne da makinsa. In mai duba aikinka ya nemi a sami wani aji na kwatanci da ba a yi wa darasin ba, ka yarda, amma ka ɗaukar wa kanka alkawarin komawa ka yi musu bayan an gama. Yaran mutane ne. Tare da wannan ka riƙe littafin ajiyar bayani, kullum bayan darasi ka zauna minti goma ka rubuta abin da ka gani: wa ya yi shiru, wace tambaya ce ta tayar da aji, ina labarinka ya gundure su. Babi na huɗu na kundinka daga littafin nan zai fito, gyaran labaranka ma haka.

Darasin kansa

Minti arba'in ne, yara kuma suna iya haura saba'in, saboda haka tsarin Ayowa na mutum goma sha biyu kewaye da tebur ba zai zauna yadda yake ba. Ga yadda za a daidaita shi. Minti biyar na farko ka karanta musu wani yanki da babbar murya, ka tsaya a inda labari ya ɗau zafi. Minti goma sha biyar kowa ya rubuta, kai ma ka zauna ka rubuta naka a gabansu. Wannan zaman naka yana da tasirin da dogon bayani ba shi da shi, don yaro ya ga Malam yana gogewa yana sakewa, sai ya gane ashe rubutu ba ya saukowa a gyare. Sannan su kasu biyar-biyar, kowa ya karanta wa 'yan'uwansa. Ragowar lokacin a zaɓi mutum biyu su karanta wa aji duka.

Ƙa'idar zauren marubuta ita ce mai rubutu ya yi shiru a yi masa sharhi. A wurinmu sai an yi hattara da ita, domin kunya da gudun dariyar abokai suna iya rufe bakin yarinya har ƙarshen shekara. Ka kafa doka tun ranar farko: mai sharhi zai fara da faɗin jimla ɗaya da ta zauna masa a rai, sannan ya yi tambaya ɗaya kan abin da bai gane ba. Ba a cewa bai yi daɗi ba. Jan biro kuwa ka ajiye shi sai a zubi na uku. Zubi na farko na neman labari ne, na biyu na gyara tsari, na uku shi ne na ƙugiya da waƙafi da raba kalma. Yaron da aka cika wa takarda da ja tun farko, abin da zai koya shi ne rubuta layi uku marasa kuskure kuma marasa rai.

Abin rubutawa kuwa, ƙasar Daura ba ta da talaucinsa. Kowane yaro ya san labarin Bayajida da Daurama da macijin rijiyar Kusugu, kuma saboda haka ne bai kamata ka ce su sake ba da shi yadda aka saba ba, za su kawo maka hadda. Ka ce su rubuta shi ta bakin yarinyar da ke jiran Juma'a ta zagayo kafin gidansu ya sami ruwa, ko ta bakin tsohuwa Ayana da baƙo ya sauka gidanta cikin dare yana neman ruwan doki, ko ta bakin maƙerin Gaya da aka ba aikin wuƙa bai san me za a yi da ita ba. Nan za ka ga wa ke da ido. Akwai hawan Sallar Gani ta idon yaron da ke riƙe linzami. Akwai kasuwar Mai'aduwa da dillalan shanu da cinikin da ake yi da naira da sefa. Akwai gidajen da rabinsu yana wannan gefen iyakar Kwangwalam, rabi yana ƙasar Damagaram ta Nijar. Ga 'yan babbar sakandare, akwai shekarun da gidan sarautar Daura na dauri ya yi a Zango da Baure bayan jihadi, har zuwa 1906 da aka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. Tarihin iyali guda a cikin waɗannan shekaru ya isa wasan kwaikwayo, kuma tsofaffin da suka ji shi daga kakanninsu suna nan. Ka tura yaran su tambayo, su dawo da abin da aka ce da kuma yadda aka faɗe shi.

Wannan ya kawo mu ga karin harshe. Jarrabawar WAEC da NECO daidaitacciyar Hausa suke so, kuma haƙƙin yaro ne ka koya masa ita sosai: ƙ da ɗ da ɓ, inda ake haɗe "yana" da inda ake raba "shi ne". Amma in kaka ta buɗe baki a cikin labari, a bar ta ta yi Daurancinta. Mai ba da labari ya bi daidaitacciya, taurari su yi magana yadda ake yi a gida. Yaron da ya iya wannan rarrabewa ya san harshe fiye da wanda aka goge wa bakin gidansu. Haka yaron da ya fito daga makarantar allo, hannunsa ya fi sakewa a ajami, ka bar shi ya yi zubin farko da shi, daga baya ya juya zuwa boko. Wanda ya fara makaranta a Nijar zai zo da wasu ƙa'idojin rubutu dabam, ka nuna masa bambancin ba tare da ka kira nasa kuskure ba. Duk waɗannan abin rubutawa ne a kundi, kuma malamin da ke kan iyaka ne kaɗai yake ganinsu kullum.

Akwai amana a cikin aikin nan. Ka nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, iyaye su san abin da ake yi. Sunan yaro na gaskiya ba ya shiga kundi. Yara in suka saki jiki suna rubuta abin da ke damunsu a gida, auren da ake shirin yi musu, dukan da suke sha, yunwa. In ka ci karo da irin wannan, ba abin karantawa a gaban aji ba ne, ba kuma abin ƙawata babi ba ne. Ka san tun farko wace malama ko wane dattijo a makarantar za ka kai wa magana. Kuma labarin yaro nasa ne. Marubucin da ya ɗauki labarin ɗalibinsa ya sa sunansa ya ci amana, ko da ya gyara shi ya fi na asali kyau.

Kada marubucin ya mutu a hanya

Mai wannan karatu kamar mace ce mai tuwo da miya a murhu biyu, in ta tsaya kan ɗaya, ɗayan ya kama. Harshen kundi yana da nauyi da taka-tsantsan, kuma yana saurin mamaye hannu. Ka ware wa ƙagaggen rubutu lokacinsa wanda ba a taɓawa, bayan sallar asuba ya fi, kafin hayaniyar gida da ta makaranta. Ka karanta abin da ba a sa ka ba. Jiharmu ta Katsina ta fitar da Sulaiman Ibrahim Katsina da Bature Gagare, waɗanda littattafansu suka yi fice a gasannin farkon shekarun 1980, kuma ana koyon gina labari a wurinsu. Don tarihin rubutun Hausa, aikin Ibrahim Yaro Yahaya na 1988 har yau shi ne mafari. Don feɗe waƙa, hanyoyin da Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa su za a tambaye ka a kansu. Ka nemi abokan rubutu uku ko huɗu da za su gaya maka gaskiya, ko a reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, ko a zauren WhatsApp, ku riƙa musayar aiki duk wata. Malamai mata suna da gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016. Ranar rufe gasa tana sa mutum ya gama abin da ya daɗe yana ja.

Malama mai aure da yara, lissafinta ya fi na namiji yawa, kuma gara a yi shi a fili da maigida tun kafin a biya kuɗin rajista: kwana nawa a mako za a yi a Katsina ko Kano a shekarar darussa, wa zai riƙe yara, ina za a sauka. Shekarar bincike ta fi sauƙi, tunda ajin yana gida. Kuɗin da mutane ke mantawa su ne na mota, na buga kundi sau da yawa, da na takarda da biro ga yara saba'in.

Mai hangen ƙasar waje, ƙofar tana nan. Tafawa Ɓalewa kansa ya je Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa. Digiri na biyu a Ingila yawanci shekara ɗaya ne. Tallafin Chevening yana neman shekara biyu na aiki, akwai kuma na ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Za su nemi samfurin rubutunka da Ingilishi, saboda haka mai rubutu da Hausa sai ya fassara mafi kyawun aikinsa da kansa, ya ba wanda ya ƙware ya duba. Abin da zai bambanta takardarka da ta sauran masu nema shi ne ajin nan naka da abin da ka riga ka gwada a cikinsa, don haka ko da can ka nufa, ka fara da zango guda a nan.

Aikin yi bayan an gama yana nan jingim. Shirin RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara don koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare ya nuna irin mutumin da ake nema: wanda zai iya rubuta labari mai daɗi da baƙaƙe goma kacal da yaro ya koya zuwa wannan makon. Marubuci zalla zai cika shi da kalmomin da yaro bai kai ba, masanin manhaja zalla zai fitar da jimlolin da ba mai son karantawa. Kwalejojin horar da malamai ma suna bukatar wanda zai koyar da insha'i da hannun da ya taɓa yi.

Ranar kare kundi, ka sa ran mai jarrabawa na waje zai tambaye ka ta yaya ka san darasinka ne ya kawo ci gaban, ba girman da yara suka ƙara a zangon ba. Amsarka tana cikin takardun farko da na ƙarshe, da makin malaman nan biyu, da ajin kwatanci in ka yi shi, don haka ka je da su duka a jaka, a jere bisa lamba. Bayan an sa hannu, ka zaɓi labarai ashirin daga na yaran, da izininsu da na iyayensu, a buga a kwamfuta, a yi hoto a ɗinke. Kwafi ɗaya na ofishin hedimasta ko firinsifal, ɗaya na sakataren ilimi, ɗaya na kowane yaron da labarinsa ya shiga, wannan karon da sunansa a sama in ya yarda.